Rigar Katun a Shagon Maman Enoch

Laraba, wadda duk unguwa ke kira Maman Enoch, ta baro Damari ne a shekarun da zaman ƙauye ya gagara, ta kafa keken ɗinkinta a wani zaure cikin garin Birnin Gwari. Maƙwabciyarta Nafisat ma'aikaciyar jinya ce, kuma tun tana 'yar makaranta Laraba ke ɗinka mata kayan sallah.

Wata rana da hantsi, cikin damina, Nafisat ta shigo da leda, ta zazzage baƙin yadi da jan ƙyalle a kan tebur, ta miƙa wayarta.

"Maman Enoch, irin wannan nake so."

Laraba ta gyara zaman tabarau. Zanen wata budurwa ne mai dara-daran idanu, sanye da doguwar riga mai faɗin hannu, wuyan rigar ya tsaya ƙyam har kusan kunne.

"Wannan ai katun ne, Nafi. Gidan biki za ki da shi?"

Nafisat ta yi dariya. Ta ce fina-finan zane ne na ƙasar Japan, anime ake ce musu, kuma masu son su za su haɗu a Kaduna ƙarshen wata, kowa ya yi shigar wanda ya fi ƙauna a ciki. Tun da hanya ta yi sauƙi take son zuwa.

"To, ba laifi. Amma gaba kaɗai hoton ya nuna. Bayan rigar fa?"

Babu wanda zai amsa wannan sai Abdulkahar, ɗan kawun Nafisat, mai shagon tura wa mutane fina-finai a waya kusa da tasha. Da la'asar ya zo da kansa, ya jingina wayarsa da gwangwanin maɓallai, ya kunna kashin da budurwar ta fi fitowa a ciki.

Laraba ta zuba ido. Wasu na tashi sama, wasu na ihu, wuta na fita daga tafin hannu. Rubutun Turanci na gudu a ƙasa, kafin ta kai rabin layi ya wuce. Can wani mai farin gashi ya shigo, sai kowa a fim ɗin ya fashe da kuka. Ta waiga, ta ga shi ma Abdulkahar idonsa ya cicciko.

"Wane ne wannan, da har kai ma?"

"Malaminsu ne, Mama. Ya mutu tun a zango na biyu. Wannan ba shi ba ne sosai, inuwarsa ce daga wata duniyar. Sai kin faro daga farko za ki gane, kuma gara ki haɗa da karanta littafin zanen."

"Farkon da nisa?"

"In kin dage, kafin azumi kin kamo mu."

Nafisat ta tafa hannu. "Ka ji ko? Abin da nake faɗa maka ke nan kullum. Na nuna wa abokan aikina, ko ɗaya ba ta iya ƙarasa kashi guda ba. Yanzu don irinku kawai suke yin abin nan, ku da kuka haddace sunan kakan kowa. Baƙo in ya leƙo, sai ya ji kamar ya faɗa taron dangin da ba nasa ba."

"To wa ke riƙe da sana'ar in ba mu ba?" in ji Abdulkahar. "Mai wucewa ya kalla yau, gobe ya koma ƙwallo. Mu ne muke jira mako-mako, ko sabis ya ɗauke mu hau dutse mu nemo. Don wa za su yi?"

"Mutum nawa ne sababbi suka zo shagonka neman sa bana?"

Ya sosa ƙeya. Ya ce gaskiya fuskokin bara ne dai, sai ma biyu da suka yi aure suka daina.

"Ku yi mini shiru," in ji Laraba, hancinta kusan a jikin wayar. "Ni jira nake yarinyar nan ta juya baya."

Da ta juya, Laraba ta sa aka tsayar da hoton, ta zana shi da alli a jikin yadi.

Ɗinkin ya ci mata kwanaki, musamman wuyan, wanda sai da ta sa masa tauri biyu ya yarda ya tsaya. Ta ɗora wa rigar jan layi a gefe ɗaya, ta ƙara mata tsawo har idon sawu, ta yanka jan ɗankwali da zai dace da ita. Ranar gwaji Abdulkahar ya zagaya Nafisat yana dubawa, sai ya tsaya cak.

"Mama, ki yi haƙuri. Jan layin nan a hagu ya kamata ya zauna. Masu sa shi a dama abokan gaba ne, su suka ƙone garin su budurwar."

Laraba ta sake duba hoton. Gaskiyarsa ne. Ta ɗauki reza ta fara farke zaren ba tare da ɓacin rai ba. A ranta ma daɗi ta ji, don ta daɗe ba ta ga wanda ya kalli ɗinkinta da irin wannan idon ba. Yawancin masu kawo mata aiki tambayarsu ɗaya ce, ko an gama.

Nafisat ta je Kaduna ta dawo lafiya, bakinta ba ya rufuwa. Ɗakin taron ƙarami ne, ta ce, kuma kusan kowa ya san kowa. Amma tana shiga wata yarinya da ba ta taɓa gani ba ta kira ta da sunan budurwar fim ɗin, ta rungume ta.

"Har layin hagun ta lura da shi, Maman Enoch."

"Kin ga amfanin ɗan'uwanki ke nan."

Shi kuwa Abdulkahar maganar baƙo a taron dangi ta tsaya masa a rai. Bayan 'yan kwanaki ya shigo shagon Laraba daidai lokacin da hadari ya taso daga wajen dajin Kamuku. Ya tarar da Nafisat da wata maƙwabciya, Huraira, wadda ta kawo dafaffiyar gyaɗa a kwano.

"Mama, na samo miki wani fim. Zama ɗaya ake gama shi, kuma ba wanda ya mutu a baya."

Ruwa ya sauko, aka janyo ƙofa, suka matsu a kan benci. Labarin wata tsohuwa ne mai sayar da miya a bakin tashar jirgin ƙasa, a ƙauyen da matasa suka watse zuwa birni. Magana kaɗan ce a ciki, don haka rubutun bai wahalar da kowa ba. An zana tururin tukunya, da yadda tsohuwar ke dafa gwiwa kafin ta miƙe, da wani kare da ke zuwa kullum ba a san mai shi ba. Laraba ba ta yi tambaya ko ɗaya ba har aka gama.

"Ashe sun iya," ta ce a hankali. "Akwai wani irinsa?"

"Akwai, amma ba yawa. Sai da na tona sosai na samu wannan. Ni kaina da farko na ɗauka zai sa ni barci."

"Ya sa ka?"

"A'a," ya ce, yana ɓare gyaɗa.

Huraira ita damuwarta daban. Ta ce a mayar mata wurin da tsohuwar ke zuba wani abu mai ruwan ƙasa a tukunya, don ta rantse daddawa ce. Nafisat ta ce ina Japan ina daddawa. Aka mayar, aka tsayar da hoton, kawuna huɗu suka haɗu a kan waya ɗaya. Har ruwan ya tsagaita ba su daidaita ba, gyaɗar kuwa ta ƙare tas.