Ƙauyen Kaka Taswira

Makanike ne ya kashe Kaka Taswira, ko da yake bai taɓa shi ko da yatsa ba. Mai cewa hawan jini ne, ya faɗi abin da likita ya faɗa. Mai Ɗinki tana wurin, kuma ganau ce ba jiyau ba.

Tana kan keke da safiyar Asabar, tana haɗa hannun wata riga, sai ta ji an buɗe babbar ƙofar gidan hayar. Ta leƙa ta taga, ta ga wata jar mota tana shigowa da baya, Makanike a ciki yana waige. Bayan motar ya miƙe sak zuwa kusurwar tsakar gida, inda ƙauyen laka na Kaka yake.

Kaka Taswira tsoho ne da ya yi aikin jirgin ruwa da ƙuruciya. Zazzaɓi ya taɓa kwantar da shi a wata ƙasa mai nisa, jirgi ya tafi ya bar shi, wata tsohuwa a wani ƙauyen kan dutse ta yi jinyarsa damina guda. Da girma ya zo, ba mata ba ɗa, sai ya gina wannan ƙauyen da laka a ƙofar ɗakinsa: dutse mai kai wa gwiwa, gonaki hawa-hawa kamar matakala, gidaje a kan dirkokin tsinke, har da gadar zare. Duk Asabar yaran layi suna zagaye shi. Ya tsiyaya ruwan buta daga ƙolin dutse, su ga yadda kogi yake samuwa, su gane abin da ya sa mutanen can ba sa gini a ƙasa. Ya haska lemo da tocila, lemon a matsayin duniya, tocilar kuma rana, ya ce, "Ku yanzu kuka wanke ido, su har sun dawo daga gona."

Kowane yaro yana da gidansa a ciki. Kafin a fara karatu, Kaka yakan kira gidajen ɗaya bayan ɗaya, yadda ya ce mutanen can suke kiran juna daga dutse zuwa dutse kowace safiya, da kuma duk ranar da ƙasa ta zame. Yaro ya amsa, "Muna nan!" Daga ƙarshe yara su haɗa baki su kira gidan tsohuwa, shi kuma ya amsa, "Muna nan, mu da baƙonmu."

Mai Ɗinki ta fito a guje, zare na bin zaninta.

"Makanike! Tsaya! Ba ka gani ne?"

Ya leƙo da kai. "Ina gani mana, Yaya. Motar mutane ce, ba zan bar ta a titi a kwance mata madubi ba."

"To ga fili can wajen famfo!"

"Can rana. Ni ma haya nake biya a gidan nan. Tsoho da gemu ya zauna yana wasan ƙasa, ya tare wa masu neman abinci wuri. Sau nawa na faɗa masa?"

"Ka bari ya dawo daga asibiti, don girman Allah. Shinkafar da yaran suka shuka ta tsiro, yau za su gani. Har da Autarka."

"Su je makaranta," in ji shi, ya taka mai.

Ba wata ƙara aka ji ba. Laka ce, ta murƙushe kamar busasshen burodi. Taya ta hau dutsen, Makanike ya ga bai daidaita ba, ya yi gaba, ya sake yin baya. Mai Ɗinki ta ɗora hannu a ka.

Makanike yana rufe ƙofar motar, Kaka ya shigo da ledar magani a hannu, yara biye da shi kamar kaza da 'ya'yanta. Auta, 'yar Makanike, ita ce ta riƙe masa sanda. Surutunsu ya yanke a bakin ƙofa.

Kaka bai dubi Makanike ba. Ya tako a hankali, ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashin motar.

"Abba," in ji Auta, "gidana ne a ƙarƙashin tayarka."

"Ke, rufe mini baki. Zan saya miki 'yar tsana."

Mai Ɗinki ta jawo kujera. "Baba, zauna. Bari in kawo maka ruwa."

Ya zauna. Leɓensa ya yi fari, amma da ya buɗe baki muryar karatu ce ta fito.

"Yara, ku matso. In ƙasa ta zame a ƙauye, me ake fara yi?"

"A kira gidaje," suka ce ƙasa-ƙasa.

"To. Gidan mai saƙa?"

"Muna nan."

"Gidan mai kwale-kwale?"

"Muna nan."

"Gidan bakin gada?"

Auta ta haɗiye kuka. "Muna nan, Kaka."

Haka ya bi su duka, bai tsallake ko ɗaya ba. Da ya gama ya jingina kai da bango. Yaran suka dubi juna, suka haɗa baki kamar kullum.

"Gidan tsohuwa?"

Shiru.

Suka ɗaga murya, a zatonsu bai ji ba. "Gidan tsohuwa!"

Ledar maganin ta zame daga cinyarsa, ƙwayoyi suka watse a ƙasa. Mai Ɗinki ta dawo da kofi a hannu, ta taɓa kafaɗarsa, sai kansa ya langaɓe. Kofin ya faɗi. Salatin da ta yi shi ya fito da mutanen gidan.

"Baba! Baba, yaran suna kiranka!"

Wani ya ce a kai shi asibiti. Mota ɗaya ce a gidan. Makanike ya shiga, makulli ya faɗi daga hannunsa, ya ɗauka, ya sake faɗi. Da aka ciro motar, kowa ya ga abin da ke ƙarƙashinta: sawun taya biyu, ɓaraguzan laka, da 'yan tsirrai kore kwance a ciki. Likita ya ce tun kafin a ɗauko shi ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Makanike ya zauna a tabarmar gaisuwa yana cewa kwana ne ya ƙare. Gaskiya ne, kwana ya ƙare. Amma Mai Ɗinki ta tsaya daga bakin ƙofarta ta faɗi abin da ya ce da abin da ya yi, ba ta ƙara ba ta rage ba, kuma ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri.

Ba wanda ya share kusurwar. Da aka yi ruwan sama, shinkafar ta sake miƙewa a cikin sawun tayar. Mai Ɗinki takan hango Auta ta taga da safe, tsugune da butar Kaka tana ba ta ruwa.

Mai gida ya tashi Makanike daga ɗakin kafin wata ya mutu. Mutanen layi suka daina kai masa gyara. Auta kuwa, tun daga ranar ba ta sake ce masa Abba ba. Makanike take kiransa, kamar kowa.