Jirgi Mai Gado Shida

Davou mutumin dutse ne, haifaffen Vom, inda babban ruwan da ya sani yana yaro shi ne tafkin da masu haƙar kuza suka bari. Amma ka san tsufa da neman magana. Shekara da shekaru yana tuƙa bas tsakanin Thamesmead da Woolwich yana hangen jiragen ruwa masu filafilai a kan kogin Thames. Yana ajiye aiki sai ya shiga ƙungiyar masu jirage da ke can ƙasa da unguwarsu, ya koyi ƙulla igiya da karanta iska. Daga nan kuma ya ce sai ya sayi nasa.

Matarsa Dinatu ta ce ruwa ba sa'an kwando ba ne, ita ƙafarta ba za ta taka abin da ke rawa ba. Duk da haka, ranar Asabar ɗin da za a je duba jiragen, ita ta riga shi fita, rungume da ƙatuwar kula.

Jirage biyu ne na sayarwa, suna ɗaure a dakalin katako ɗaya. Wani tsohon Bature ɗan ƙungiyar ne ke riƙe da makullansu. Babban na wani abokinsa ne da ya bar ƙasar, ƙaramin kuwa nasa ne. Shi dai Davou tun daga gida ya gama yanke hukunci, domin gado yake ƙirgawa, yadda mai ginin gida ke ƙirga ɗakuna. Babban gado shida gare shi: nasa, na Dinatu, na ɗansu Nathaniel da matarsa, na 'yarsu Lovelyn, ga na jika. Ya kuma gaya wa 'ya'yan su zo yau su gani da idonsu, tunda dominsu ake sayen. Dukansu sun ce masa, "Sure, Dad."

Babban jirgin kam ya isa a kalle shi. Ƙafa arba'in, fari fat, bai cika shekara goma ba. Sitiyari biyu, bayi biyu, kicin har da firji. Davou ya shiga ya miƙe tsaye sambal, kansa bai taɓa rufi ba, ya bi gadajen yana dafa katifa ɗaya bayan ɗaya. Dinatu tana daga waje ta leƙa ta taga.

"Ikon Allah! Baban Nathaniel, wannan ai ya fi flat ɗinmu."

"Jirgi ne na kirki," in ji Baturen. "Sai dai ba ya fita da mutum ɗaya. Kana kan sitiyari, wa zai tsaya a gaba ya jefa igiya? Ruwan nan in ya fara ja, ba ya jiran kowa."

"Ina da 'ya'ya," in ji Davou. "Suna hanya."

Don kada a ce ya yi wulaƙanci ne kawai ya yarda ya leƙa ƙaramin. Ƙafa ashirin da shida, ya girmi Nathaniel nesa ba kusa ba. Fentinsa ya koɗe, cikinsa na warin dizal da danshi, kuma sai ka sunkuya kamar mai shiga bukka. Gado biyu ne kacal, ɗayan ma an jibge shi da tsofaffin filafilai. Davou ya taɓe baki. Da ya fito ya zauna wurin sandar juya jirgin, sai ya lura da wani abu. Duk igiyoyin jirgin, na ɗaga filafilai da na sauke su, an janyo su sun taru daidai hannunsa. Ko tashi ba sai ya yi ba.

"Haka aka ƙera shi?"

"A'a. A da ɗana ne ke tsayawa a gaba. Da ya yi aure ya koma Leeds, sai na riƙa janyo su ɗaya bayan ɗaya. Yanzu gwiwa ce ta ƙi, shi ya sa zan sayar."

Davou ya ciro waya ya kira Nathaniel. Yana yi masa Hausa, ɗan yana mayar masa da Turanci: jikan yana da wasan ƙwallo, ya so ya faɗa tun jiya, ya manta. Lovelyn ba ta ɗauka ba, saƙo ta turo, an canza mata shift. "Next time, Dad, promise." Haka suka ce ranar Ista. Haka suka ce ranar da aka yi masa liyafar ajiye aiki.

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, har da kunya a gaban baƙo. Ya miƙe ya ce babban dai zai ɗauka, in jirgi yana nan ai dole su zo.

"Baban Nathaniel," in ji Dinatu, a hankali. "Ba za su zo ba. Ba yau kaɗai nake nufi ba. Ba mugunta ba ce, hidimarsu ce ta yi musu yawa. Ka sayi wancan, wanki kawai za ka riƙa yi masa duk Asabar."

"Ke kin fi kowa sani ke nan!" Ya juyo a fusace, idonsa ya sauka a kan kular da ke gefen ƙafarta. "To, Maman Nathaniel, wannan fa? Abincin mutum nawa ne a ciki?"

Dinatu ta dubi kular. Gwaten acca ne cike fal, wanda ta tashi tun da safe tana fama da shi don Lovelyn na sonsa. Ga faranti shida a leda, da ƙaramin cokalin jika.

Iska ta fara sanyi, ba kuma wurin zama a kan dakalin. Gefen babban jirgin ya yi mata tsawo, na ƙaramin kuwa daidai yake da katakon. Dinatu ta tuɓe takalmanta, ta kama hannun mijinta, ta taka tana kiran sunan Yesu. Su uku suka zauna gwiwa na gugar gwiwa. Baturen ya ci faranti biyu, hancinsa na zuba saboda yaji, yana ta yabawa. Jirgin na ɗan lilo, babban yana tsaye a kansu ya tare musu rana.

Da suka gama, Davou ya shafa igiyoyin nan da ke kusa da hannunsa.

"Wannan zan ɗauka," ya ce wa Baturen. "Amma ka kwashe mini kayan da ke kan gado na biyun."

Dinatu ta leƙa cikin kular. Ko rabi ba su ci ba. Ta mayar da faranti ukun da ba a taɓa ba cikin leda, ta danna murfin.

"In mun koma gida," ta ce, "ka sauko mini da ƙaramar tukunyar nan daga saman kabad."