Adireshin Yaya Zubairu

Shekara huɗu Yaya Zubairu bai yi mini magana ba. Laifina, na sayar da kasona na gonar mahaifinmu da ke Achika na ƙarasa karatu. A tsakar gida, gaban jama'a, ya rantse ko ruwa ba zai ƙara sha daga hannuna ba. Mu kuma gidanmu taurin kai gado ne, ni ma ban neme shi ba.

Sai ƙoda ta kama shi. A Fesbuk na gani, kamar bare. Abokansa 'yan kirifto, masu harkar kuɗin intanet, suka buɗe masa walet, wato asusun ajiyar irin wannan kuɗin, suka liƙa adireshinsa a ƙarƙashin hotonsa, suna neman taimakon kuɗin wankin ƙoda. Na daɗe ina kallon hoton. Ya rame har kunnuwansa sun yi masa yawa.

Ni aikina a sashen kwamfuta na jami'a yake, nan Wudil, kuma na san abin da mutane ba sa kula da shi: duk abin da ya shiga adireshi ko ya fita, kowa na iya gani. Suna ne kawai babu. Don haka kowane biyar ga wata sai in buɗe sabon adireshi, wanda ba a taɓa gani tare da sunana ba, in tura masa kuɗi, in watsar da shi. Wata goma sha ɗaya ina haka.

Matarsa A'isha ce ke ba ni labari a ɓoye.

"Wallahi Anti Sakina, akwai wani bawan Allah, duk biyar ga wata sai ya turo. Yayanki har suna ya sa masa, wai Na-Biyar. Bayan kowace salla sai ya yi masa addu'a."

Na ce Allah ya saka masa. Daɗin da na ji ranar ba ya misaltuwa, ban kuma gaya wa kowa ba.

Ranar da na yi ɓarnar, Juma'a ce, ranar kasuwa. Motocin shanu sun toshe gada, ina cikin adaidaita, zafi kamar a gasa mutum, sabis na zuwa yana ɗaukewa. A'isha ta kira ta ce gobe da safe za a yi masa wanki, kuɗi bai cika ba. Da sabis ya dawo na yi sauri na tura. Sai da ya tafi na lura daga ina ya fita: adireshin da nake karɓar kuɗin turaren wuta da shi, wanda ke rubuce ƙarƙashin sunana da lambata a duk tallan da nake yi. Gaggawa aikin shaiɗan. Ni da nake koya wa ɗalibai kada su maimaita adireshi.

Wani abokinsa mai shisshigi ya bi sawu, ya gano ni ce na tura, ya kai masa a matsayin albishir. Washegari da hantsi kuɗin ya dawo mini cif, ko saƙo babu.

Ban yi kuka ba. Ranar Litinin na je ofis, na sa hannu, na gyara wa Malam Joshua firintarsa, na ci shinkafa da wake. Comfort da muke tebur ɗaya ta tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya lau. Ba ƙarya na yi ba, don ba abin da nake ji. Kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta.

Bayan kwana uku na buɗe sabon walet a wata wayar, na canza rana, na canza adadin, na tura wa adireshin nan nasa. Ya shiga. Na jira ya dawo, bai dawo ba. Na ce to, an dace.

Da la'asar A'isha ta kira, muryarta ƙasa ƙasa.

"Anti, ya goge walet ɗin daga wayarsa. Takardar nan mai kalmomi sha biyu da ake buɗe walet ɗin da ita, ya jefa ta a murhu ina tsaye. Ya ce tunda ba zai iya gane wanne ne naki ba, ya haƙura da duka."

"Wankin fa?"

"Sau biyu ke nan bai je ba. Ƙafafunsa sun fara kumbura."

Na ce mata to. Ta kashe wayar.

Kuɗin na nan a adireshin. Wasu da ba su ji labari ba har yanzu suna turawa, jiya ma mutum biyu sun tura. Kullum idan na zo ofis sai na buɗe na duba. Ya isa wanki tara yanzu, kuma duk duniya babu mai iya cire ko sisi.