Ƙaramin Ƙosai a Gefen Faranti

Tun daga nesa Valdirene ta ga babu laimar Dona Lurdes. Wurin da matar ke kafa teburin ƙosanta a tsohon gari wayam yake, babu hayaƙi, babu layi, sai wata takarda a jikin bango: an yi rasuwa, sai Litinin.

Mutum shida ne a bayanta, duk 'yan São Paulo da suka zo hutu Salvador. Tun hantsi take yawo da su. Ta shayar da su kunun rogo da madarar kwakwa, ta shiga da su kasuwa suka shaƙi busasshen jatan lande, suka ɗanɗana garin rogo kala huɗu a tafin hannu. Da rana sun ci miyar kifi a tukunyar ƙasa, suka kora da ruwan rake. Saura ƙosai, sannan askirim a bakin teku. Ƙosan kuwa shi ne aka buga hotonsa a takardar kamfanin yawon buɗe idon da take yi wa aiki.

"Kar ki ce mini babu ƙosai, Val," in ji Dokta Otavio, mai tumbi da hular malfa. "Saboda shi na bar wuri a cikina."

Val shi ne sunan da ke liƙe a ƙirjin farar rigarta ta aiki. A gida ba mai kiranta haka.

Tana cikin tunanin wani wuri sai direbansu, Gilmar, ya leƙo ta tagar mota. Sati biyu ke nan da ɗaukarsa aiki.

"Ku shigo kawai, ku bar ni da sauran. Akwai wata dattijuwa a tashar bas ta Liberdade, Dona Zenaide. Wanda ya ci nata ba ya sake kallon na nan."

Valdirene ta yi saurin tare shi.

"Da nisa," ta ce. "Ga cunkoso yanzu. Kuma babu wurin zama, bakin titi ne kawai."

"Ai irin wannan muke nema!" in ji Dokta Otavio. Ya riga kowa shiga mota.

Ta zauna a gaba ta riƙe jakarta a cinya. Ɗazu a wurin cin abinci, matar Doktan, Dona Marisa, ta shinshina hannun rigarta ta yatsina fuska. "Wannan manjan naku bin mutum yake har gida," ta ce. "Ke kam ba kya warinsa, Val. Me mahaifiyarki ke yi?" Valdirene ta ce malamar makaranta ce, ta yi ritaya. Maganar ta fito sumul, don ba yau ta fara ba. Haka ta faɗa wa mai kamfanin ranar da ya ɗauke ta. Tun tana sakandare, lokacin da 'yan ajinsu ke toshe hanci suna kiranta Kasko, ta koyi wanke gashinta sau biyu da safe. Har yau a leda take fito da farar rigar daga gida, sai ta isa ofis ta saka.

Motar ta hau gangaren Liberdade tana nishi. Ta wuce kantin magani, ta wuce shagon aski. Kafin Gilmar ya taka birki Valdirene ta hango dattijuwar. Farin bujen nan mai faɗi, farin ɗankwali, duwatsun wuya ja da fari. Tana zaune a kan 'yar kujerarta, tukunyar ƙullu a tsakanin gwiwoyinta, tana bugawa da babban cokalin katako.

Baƙin suka sauka suna ɗaga wayoyi. Dona Zenaide ta ɗago kai ta ga 'yarta. Fuskarta ta washe. Ta ajiye cokalin, ta goge hannun dama a zanen gabanta, ta ɗan miƙo shi.

Tun da Valdirene ta iya tafiya ba ta taɓa haɗuwa da uwarta ba, a gida ko a titi, da safe ko da yamma, ba tare da ta kama hannun nan ta sumbaci bayansa ta ce, "Albarka, Mainya" ba. Mainya take kiran uwar, wato Inna. Yayanta Edvaldo ɗan sanda ne, ya kusa arba'in, amma da kakinsa yake sunkuyawa a wannan tashar ya yi haka a gaban kowa.

Ta ji numfashin Dona Marisa a kafaɗarta.

"Barka da yamma, Dona," ta ce. "Ƙosai shida za a ba mu."

Hannun ya ɗan tsaya a iska. Sannan ya koma ya ɗauki cokalin.

Seu Bira, mai sayar da ruwan kwakwa a gefe, wanda ya san ta tun tana rarrafe a ƙarƙashin teburin nan, ya buɗe baki. "A'a! Wa nake gani haka? Ba 'yar..."

"Bira," in ji Dona Zenaide, ba tare da ta dube shi ba, "kwakwarka na jiranka."

Ya rufe baki ya ɗauki addarsa.

"To, ranki ya daɗe," ta ce wa Valdirene. "Da barkono ko babu?"

Valdirene ta juya ta tambayi baƙin ɗaya bayan ɗaya, kunnuwanta na zafi. Sai aikinta ya zo, dole ta yi bayani. Ta tsaya a gefen teburin ta fara. Ta ce ana jiƙa waken tun dare, a murje shi a ruwa har ɓawon ya taso, a tsince baƙin idon ɗaya ɗaya, don ko guda aka bari sai ya nuna a cikin ƙosan. Ta ce albasa da gishiri kawai ake sawa, sauran aikin na hannu ne: a yi ta bugun ƙullun har ya yi haske ya kumbura, kuma duk lokacin da za a zuba sai an sake bugawa. Ta ce albasar da ke yawo a cikin manjan tana hana shi ƙonewa ne.

"Kin san aikinki, yarinya," in ji Dokta Otavio. "Ina kika koyi duk wannan?"

"A wajen horo, ranka ya daɗe."

Seu Bira ya yi wani tari mai tsawo. Ya sare kan kwakwa da ƙarfin da ya fi na kullum.

Dona Zenaide tana ta aikinta. Ta dunƙule ƙullun tsakanin cokali biyu ta zura a manja, guda shida, manya. Ɗan abin da ya rage a bakin cokalin ta kalato shi da yatsa ta ɗiga a gefen kaskon, ƙarami kamar ƙwan tantabara. Da suka soyu ta tsame manyan, ta tsaga kowanne, ta cika shi da miyar gyaɗa da jatan lande, da kuɓewa, da yankakken tumatir ɗanye. Ƙaramin kuwa ta ɗora shi a kan 'yar takarda, ta ajiye a gefen faranti.

Valdirene ta kawar da kai.

Wurin ya yi tsit, sai ƙarar ɓawon ƙosai a haƙora. Manja ya gangaro wa Dokta Otavio har gwiwar hannu, bai kula ba. Gilmar yana ta murmushi kamar shi ya soya. Dona Marisa ta cinye nata, ta lashe yatsa a ɓoye, sai idonta ya kai kan ƙaramin.

"Kai, dubi wannan ɗan mitsitsin. Zan iya ɗauka?"

"Wannan da mai shi," in ji Dona Zenaide.

"Na wa?"

"Na 'yata. In ta tashi aiki ta nan take biyowa. Tun tana ƙarama ba ta iya cinye babba, ba ta kuma son komai a ciki. Shi ya sa duk kasko na yamma nake ɗiga mata ɗaya, ko da ta zo."

"Allah sarki. Ita ma tana soyawa?"

"Ta iya. Ta fi ni hannun bugu ma. Amma ta yi karatu." Dattijuwar ta juya ƙullun a hankali. "Tana jin Turanci, har da na Sifen. Da manyan mutane take aiki. In kin gan ta fes, ko ɗigon manja ba ya taɓa ta."

"Lallai kina ji da ita."

"Ita kaɗai ce mace."

"Yau za ta zo? Da mun gan ta."

"Yau kam ban ga alama ba," in ji Dona Zenaide.

Valdirene tana kallon takalminta. Ta ga ashe akwai ɗan tabon laka a na hagu, ta yi ta kallonsa. Da Dona Marisa ta ce a yi musu hoto da dattijuwar, ita aka miƙa wa wayar. Ta ɗaga ta, ta ga uwarta a cikin gilashin, a tsakiyar baƙi, ta gyara ɗankwali tana kallon ta kai tsaye. Ba fushi a fuskar, ba komai. Valdirene ta ɗauki hoton ta mayar da wayar.

"Mun gode, Dona," ta ce da za su tafi.

"Allah ya kiyaye hanya, ranki ya daɗe."

A cikin mota kowa magana yake. Gilmar yana cewa ai ya faɗa musu. Dokta Otavio ya ce sai ya rubuta wa kamfanin su mayar da nan wurin zuwansu kullum. Dona Marisa ta ce matar ta shiga ranta. "Kun ji yadda take maganar 'yarta? Ni nawa ko waya sai na roƙa." Ta buɗe jaka ta ciro turare, ta fesa a wuya da hannaye, sannan ta miƙo gaba. "Ungo, Val. Ke kika fi kowa tsayuwa kusa da kaskon."

Valdirene ta dubi kwalbar. Ba ta karɓa ba.

"Gilmar, tsaya."

"A nan? Mun fa kusa..."

"Tsaya, don Allah."

Ya gangara gefe. Ta juya baya, amma ta kasa kallon kowa, sai ta kalli bayan kujera.

"Uwata ce," ta ce.



"Malamar makarantar?" in ji Dona Marisa a hankali.

"Ba ta taɓa koyarwa ba. Ko aji huɗu ba ta gama ba. Ƙarya na yi miki. Ƙaramin ƙosan nawa ne."

Gilmar ya saki sitiyari ya dafe kai. Dokta Otavio ya cire hularsa ya shiga duba cikinta. Valdirene ta ce direba ya san wurin askirim, su yi haƙuri, wanda yake son kai ƙara kamfani ya kai. Ta sauka ta rufe ƙofa.

Da ƙafa ta hau gangaren. Ta wuce kantin magani, ta wuce shagon aski, gumi na bin bayanta. Lokacin tashi aiki ya yi, tashar ta cika, an yi layi a gaban teburin.

Seu Bira ne ya fara ganin ta. "Jama'a, a ba da hanya, ga Madam Val ta dawo! An manta jaka ne, ranki ya daɗe? Ko wani horon aka zo ƙarawa?"

Wasu a layin suka juyo. Akwai waɗanda ta sani, maƙwabta. Ta zagaya bayan teburin ta tsaya kusa da kujerar. Dona Zenaide ba ta ɗago ba. Ta sallami wani makanike, ta sallami wata mai goyo, ta tambayi wani tsoho lafiyar ƙafarsa. Ƙaramin ƙosan yana nan a gefen faranti, manjan ya jiƙe takardar.

"Albarka, Mainya."

Dattijuwar ta juya ƙosai biyu a kasko.

"Albarka, Mainya," ta sake cewa.

"Hannuna da manja," in ji Dona Zenaide. "Zai ɓata miki riga."

Wannan karon ba ta goge shi ba, ba ta kuma miƙo ba. Valdirene ta durƙusa a kan simintin, ta kamo hannun da kanta. Yana da ɗumi, da tsofaffin tabon ƙuna a bayansa. Ta sumbace shi, ta riƙe shi a ƙirjinta, daidai wurin da aka liƙa sunan. Har Seu Bira ya daina sara.

Sai da ƙosan ya kusa ƙonewa Dona Zenaide ta zare hannunta ta tsame shi.

"Allah ya yi miki albarka, Direne," ta ce, idonta a kan kasko.

Valdirene ta miƙa hannu ta ɗauki ƙaramin ƙosan.

"Ajiye. Ya huce. Ni ba na ba mutum ƙosai mai sanyi."

"Wannan ne nawa, Mainya."

Ta sa shi a baki. Ya yi tauri, manjan ya daskare, da ƙyar ya wuce maƙogwaronta. Uwar ta dube ta sau ɗaya, ta dubi jan shatin yatsu biyar a farar rigar. Ta turo mata tukunyar da ƙafa.

"Ƙullun ya kwanta. Mutane na jira."

Valdirene ta jawo akwatin lemo ta zauna, ta sa tukunyar a tsakanin gwiwoyinta, ta kama cokalin. Tana jin idon maƙwabta a kanta, tana jin Seu Bira ya fara ba wani labari ƙasa ƙasa. Ba ta ɗaga kai ba. Ta yi ta bugu har ƙullun ya fara haske.