Ranar da Kwamfuta Ta Hana Mama Nasimiyu Shiga

Kamfaninmu na fitar da ganyen shayi yana Shimanzi, dab da tashar jiragen ruwa ta Mombasa. Mu arba'in da 'yan kai ne. Tun da aka kawo kwamfuta ofis, in dai ka shigo ginin ka jona da intanet ɗin kamfani, babu abin da ba za ka iya buɗewa ba. Takardun kwastan, sunayen masu saye, fayil ɗin ma'aikata, duk a sake suke. A wurin Mzee Kibwana, mai kamfanin, duk wanda mai gadi ya bari ya wuce ɗan gida ne.

Bara masu kutse suka shiga wani kamfani a layinmu ta kwamfutar wani baƙo, suka kulle musu komai har mako biyu. Masu sayen shayinmu na Karachi suka rubuto cewa ba za su sabunta kwangila ba sai mun gyara tsaronmu. Dole Mzee ya ɗauko wata ƙwararriya daga Nairobi mai suna Makena.

Makena ta tara mu ta ce daga yanzu zama cikin gini ba ya bai wa kowa izini. Duk abin da mutum zai buɗe, sai an tabbatar shi ne, ta lambar da za a turo masa a waya, kuma abin da aikinsa ya shafa kaɗai zai gani. Mzee ya ce wannan ai zargin mutanenka ne. Ta ce kwamfuta ba ta ganin fuska, duk wanda ya saci lambar sirrin Mzee, a wurin kwamfuta shi ne Mzee Kibwana. Bai ji daɗi ba, amma ya sa hannu.

Aka rubuta aikin kowa. A gaban sunan Mama Nasimiyu, sakatariyar Mzee, aka rubuta wasiƙu da tsara lokutan ganawa. Shekararta ashirin da shida a kamfanin, ta riga kowa zuwa in ban da Mzee.

Ranar Litinin da safe ta nemi buɗe takardun fitar da kaya, kwamfuta ta ce ba ta da izini. Ta sake gwadawa har sau biyar. Daga nan ta cire tabarau ta goge, ta koma kan wasiƙu. Ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Daga baya ta gaya mini cewa ji ta yi kamar an caje mata jaka a bakin ƙofa. Ranar ko shayin ƙarfe goma da mahamri, wato fanken mutanen Mombasa, ba ta fito sha ba.

Ranar Laraba kwastan suka dawo da takardun kwantena uku, nauyin da aka rubuta bai yi daidai da na sito ba. Jirgi ya tashi ya bar su. Ranar Alhamis aka dawo da wata saboda an rubuta sunan gona ba daidai ba. Mutiso, shugaban sashen fitar da kaya, ya bi ofis-ofis yana cewa shekara tara takardarsa ba ta taɓa dawowa ba sai da 'yar Nairobi ta zo da tsarinta.

Makena ba ta yi musu da shi ba. Ta zauna ta duba bayanan da kwamfuta ke ajiyewa na wanda ya buɗe me, sabbi da tsofaffi. Sai ta ga kullum kafin ƙarfe takwas Mama Nasimiyu ke buɗe takardun Mutiso ɗaya bayan ɗaya, ta gyara, ta rufe. Iya nisan da bayanan suka kai, haka take yi.

Ta same ta a ofis ta tambaye ta me ya sa ba ta faɗa ba lokacin da ake rubuta aikin kowa.

"In faɗa wa wa, 'yata?" in ji Mama. "Da Mutiso ya zo yana sabo na ga yana kuskure, na gyara masa na wata guda. Shi ke nan hannu ya saba. In na buɗe baki yanzu sai a ce bai iya aikinsa ba."

"Mama, to ai kwantena huɗu sun riga sun faɗa."

Mama ta roƙe ta ta buɗe mata a asirce, kowa ya huta. Makena ta ce ba za ta iya ba, sai an rubuta cewa aikinta ne kuma Mzee ya amince. Mama ta kwana biyu tana fushi da ita, sannan ta yarda.

Da aka kai maganar, Mzee ya daɗe yana kallon takardar bayanan kwamfutar da Makena ta buga. Ya sa aka kira Mutiso ya miƙa masa. Mutiso ya karanta a tsaye, ya ce wallahi shi bai sani ba, ya ɗauka takardunsa haka suke wucewa.

"Ni ma haka na ɗauka," in ji Mzee. "Har kyautar gwarzon ma'aikaci na ba ka sau biyu."

Ba a kori kowa ba. Aka naɗa Mama Nasimiyu mai duba takardun fitar da kaya, aka samo wata ta karɓi wasiƙu. Makena ta buɗe mata sashen cikin minti uku. Kwantenonin suka bi jirgi na gaba bayan kwana tara, mutanen Karachi suka yi ƙorafi amma suka sabunta kwangila.

Mutiso ya yi mako biyu yana gaishe da Mama daga nesa. Wata safiya sai ga shi da kujera a hannu, ya ajiye kusa da teburinta, ya ce ta nuna masa inda yake ɓatawa. Ta ce ya fara ɗauko biro, don abin da yawa.