Mai Tsaya wa Auta

Akanta ya fito daga ɗaki riƙe da takalmansa, yana tsallake ƙafafun da ke shimfiɗe a falonsa. Na kusa da talabijin ɗan ƙanen mahaifinsa ne. Na ƙarƙashin fanka Auta ne, ƙanen matarsa. Na uku, wanda ya mallake doguwar kujera, har yau ba a tantance ɗan uwan wane ne ba. Matar tana zaton na mijin ne, mijin yana zaton na matar ne, kunya kuma ta hana kowa tambaya.

Duk rediyo ce ta jawo. Wasu masana ne suka zauna a ɗaki mai sanyi suka jera biranen da suka fi sauƙin samun aiki a wannan matsin, birnin nan ya zo na ɗaya. Abin da masanan ke nufi shi ne a nan an fi korar mutane a hankali. Abin da dangi suka ji shi ne Akanta yana da falo.

Shi kansa an sallame shi tun kafin rediyon ta yi magana. Kamfanin fentin da ya ƙare ƙuruciyarsa a ciki ya rushe sashen lissafi, ya miƙa aikin ga wata manhaja da yarinya guda. Ban da matarsa babu wanda ya sani. Kullum da safe yakan sa kwat ya fita, baƙin su yi masa a dawo lafiya daga kwance.

Amma yau fitar gaske ce. Wani kamfanin sabulu yana neman mai kula da lissafin sito. Ya zauna jarrabawa da yara sa'annin ɗansa, an kuma kira shi zagaye na ƙarshe da ƙarfe goma. Sharaɗi ɗaya ya rage: kowa ya zo da mai tsaya masa, mazaunin birnin, mai aiki, da katin wurin aikinsa a hannu. Wani abokinsa ya yi alkawarin zuwa.

A kicin ya tarar da matarsa Malama tana dafa shayi, ta riga ta shirya tafiya makarantar da ake biyanta rabin albashi. Ta tura ƙofa da ƙafa.

"Abban yara, an kira Auta wani wuri yau. Sun ce ya zo da mai tsaya masa."

"Allah ya ba shi."

"Kai za ka tsaya masa."

Ya dube ta. "Da wane aikin?"

"Katinka yana nan a aljihun kwat. Na duba, bai ƙare ba. Minti goma ne, ka nuna ka fito."

"Ƙarfe goma ina kamfanin sabulu, kin sani."

Ta ci gaba da juya shayin da tuni sukarinsa ya narke. Ya tsaya yana kallon cokalin yana zagaye, har ya gane.

"Can aka kira shi."

"Can ne."

"Tun yaushe kika sani?"

"Shekaranjiya."

"Mutum ɗaya za su ɗauka, Malama. Kuma tebur ɗaya ne. Ba zan shiga in ce ina da aiki, in fita in sake shigowa in ce ina nema ba."

"Kai ko shi, ai gidan nan albashin zai shigo."

"Albashin Auta gidan Innarku zai tafi, da takalmansa a ƙafa. Mu a bar mu da kuɗin wuta."

Ta ajiye cokalin. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "To ka gaya masa. Yana nan kwance, tashe shi ka gaya masa. Kafin azahar Inna ta ji, kafin la'asar yayyena su ji. Wata nawa ina ce musu an ƙara maka girma? Ni na gaji da ƙaryar, amma ban shirya wa gaskiyar ba."

Bai ce zai yi ba, bai ce ba zai yi ba. Ya sha shayin a tsaye, da zafinsa.

A cikin bas Auta ya zauna bakin taga, fayil ɗin roba a kan cinya. Saurayi ne dogo mai digiri a tattalin arziki, wanda tun da ya gama karatu bai taɓa riƙe tattalin ko arzikin ba. Ba shi da mugunta, kuma wannan ne ya fi ɓata wa Akanta rai.

"Yaya, wannan kwat ɗin fa ta girme ni."

"Ta girme ka, ta kuma fi ka aiki."

Auta ya yi dariya har kwandasta ya waigo. "Bari dai in kama albashin farko, sabuwa zan ɗinka maka. A daina cewa mun ba da 'yar uwarmu inda babu tela."

"Ku zo ku ɗauki abarku, har da masu gadin falon."

"Wai shi na kan doguwar kujera, ɗan wajen wa ne a cikinku?"

"Ba naku ba ne?"

"Mu? Ni ai ina gaishe shi ne saboda kai."

Bas ta bi ta titin masana'antu. Auta yana ƙirga dogayen gine-gine da ido, Akanta yana kallon makullan da ke ƙofofinsu. A bakin wata masaƙa ciyawa ta fito ta tsakanin ƙarafan get, allon neman ma'aikata kuwa yana nan a rataye, don wanda zai sauke shi ma an sallame shi.

"Ka ga abin da nake gaya wa mutanen gida," in ji Auta, yana nuna allon. "Nan ko'ina nema ake. Masu binciken nan ba ƙarya suka yi ba."

Akanta ya ciro waya ya kira abokinsa. A kashe. Ya sake kira a mahaɗar titi, ya sake a bakin get ɗin kamfanin. Muryar matar nan ta waya ta ba shi haƙuri kowane karo, cikin ladabin da ya fi na abokin.

Ɗakin jiran yana ƙamshin sabulu har yana hawa kai. Benci biyu ne a ciki suna kallon juna. A kan na hagu masu nema ne, samari biyu da wata budurwa, kowa da fayil a ƙirji. A kan na dama masu tsayawa ne, manya masu tumbi da agogo, kati a rataye a wuya, suna danna waya da fuskar mutanen da aka raba da muhimmin aiki. Auta ya zauna a hagu, ya nuna wa yayansa gurbi a dama.

Akanta ya wuce wurin tulun ruwan sanyi da ke tsakiya, ya tsiyaya a kofin roba. Ya shanye, ya ƙara. Yana nan tsaye yana shan ruwan da ba ya so ƙofar ciki ta buɗe, wata mata mai tabarau ta leƙo da takardu a hannu. Ita ce Madam ɗin ofishin ɗaukar ma'aikata, ita ta sa musu ido ranar jarrabawa a zaman safe. Auta, ga alama, zaman yamma ya yi.

Ta kira sunan Akanta cikakke, har da na mahaifinsa.

Auta ya miƙe da murna. "Shi ne mai tsaya min, Madam. Tare muke." Ya raɗa wa Akanta, "Ka ga, har sun san ka."

Madam ta dubi takardar, ta dubi Akanta, ta dubi Auta ta saman tabarau. Mace ce da ta daɗe a kujerar, abin mamaki ya daina ba ta mamaki.

"Kai jira tukuna," ta ce wa Auta. "Malam, bismillah."

Ofishin ƙarami ne, da gilashi a ƙofa. Fayil ɗinsa yana buɗe a kan tebur, hotonsa na fasfo yana kallonsa, hoton da aka ɗauka lokacin da yake da kumatu.

"Wanne ne, Malam? Nema ka zo ko tsayawa?"

Ya gyara zama. "Yaron ƙanen matata ne."

"Ban tambayi dangantaka ba." Ta juya shafi. "Bari in gaya maka abin da bai kamata in faɗa ba. Kai ka zo na ɗaya, da tazara. Shi na biyu. Mai kamfanin ya so yaro saboda arha, na ce masa yaran nan sai sun shekara suna koyon abin da kai za ka gyara a mako. Ya yarda. Ina mai tsaya maka?"

"Wayarsa a kashe."

"Wayoyinsu duk a kashe suke kwanan nan. Zan ba ka zuwa gobe da azahar. Ka samo kowa, in dai yana da kati." Ta ɗora hannu a kan fayil ɗin. "Amma idan ka tsaya wa wancan, to kai mai aiki ne, mai aiki kuwa ba shi da fayil a nan. Ba zan iya ajiye ka a aljihun tebur biyu ba."

Ya waiwaya. Ta cikin gilashin ƙofa yana hango Auta a tsaye, waya a kunne, yana magana yana nuno ofishin da hannu. Ko ba a faɗa ba ya san da wa yake magana. Haka fuskar yaron ke yi idan Inna ce, ya koma ɗan shekara goma. Da suka haɗa ido Auta ya ɗaga masa babban yatsa.

Akanta ya yi lissafi, don shi ne abin da ya iya. Ga kuɗin makarantar yara a gefe, da haya, da kantin da ya fara sauya hanya don kada ya bi ta gabansa. A ɗaya gefen babu komai sai yadda ake tashi a ba shi kujera idan ya je gidan surukai, da yadda Inna ke cewa a jira a ji ta bakin Akanta. Ko ɗan aji ɗaya ya san gefen da ya fi nauyi.

Ya sa hannu a aljihun kwat ya ciro katin ya ajiye a kan tebur.

Madam ta ɗauka ta juya bayansa. "Kamfanin fenti. Na ji an rufe sashenku."

"Katin bai ƙare ba."

"Bai ƙare ba," ta ce. Ta daɗe tana kallonsa, ba da tausayi ba, da irin kallon da ake yi wa wanda ya tsallaka titi ba tare da dubawa ba. Sannan ta rufe fayil ɗinsa ta jefa a kwandon da ke bayanta, ta jawo na Auta. "Ka san abin da kake sa wa hannu? Idan kwalin sabulu ɗaya ya ɓata a siton nan, ƙofarka za a ƙwanƙwasa."

"Akwai mutane da yawa da za su buɗe."

Ya sa hannu da irin sa hannun da ya saba yi a kan takardun miliyoyi, mai doguwar jela. Aka kira Auta. Da Madam ta ce masa zai fara yau, a kai shi ya ga sito, yaron ya durƙusa a gaban Akanta a tsakiyar ofis, idonsa ya kawo ruwa.

"Yaya, ban san da bakin da zan gode maka ba. Inna ta ce a gaya maka ta sa maka albarka. Ka yi haƙuri na makarar da kai ofis."

"Ba komai. Ba za su fara ba sai na je."

A waje rana ta take. Bai san inda zai nufa ba kafin lokacin tashi daga aiki, don haka ya tsaya a inuwar wata bishiya da ke gefen get yana warware igiyar katin. Wani mutum mai fayil, da ya ga shigarsu da fitarsa, ya matso.

"Ranka ya daɗe, ni gobe aka kira ni a kamfanin roba. Nawa kake karɓa?"

"Karɓar me?"

"Tsayawa mana. Waɗancan sun tsuga kuɗi, wai kamfanoninsu manya ne."

Akanta ya bi hannun mutumin da kallo. A can gindin bishiyar akwai dogon benci, a kansa dattawa biyar ko shida cikin kwat da taye, takalma a goge, kowa da kati a wuya. Biyu daga cikinsu ya gan su ɗazu a bencin dama, su ne masu fuskar muhimmin aiki. Na ƙarshe a jerin, mai furfura a gefen kunne, yana fifita da jarida. Manajan kamfanin fenti ne, wanda ya miƙa masa takardar sallama da hannu biyu, yana cewa mutum irinsa ba zai yi mako a gida ba.

Manaja ya gan shi. Bai sunkuyar da kai ba, bai kuma yi murmushi ba. Ya dai matsa kaɗan, ya kaɗe ƙurar gurbin da jaridar.

"Akanta. Naka katin yaushe zai ƙare?"

"Ƙarshen shekara."

"Kana da sauran rai. Nawa wata mai zuwa ne." Ya dubi mai fayil ɗin da har yanzu yake jira, ya rage murya. "Kada ka karya mana farashi. Kuma kada ka tsaya sau biyu a kamfani ɗaya cikin wata guda, matar nan tana riƙe fuska."

Akanta ya dubi get ɗin, ya dubi titin da bas ke bi ta koma gida. Ya rataya igiyar katin a wuyansa, ya ɗage ƙafar wando don kada guga ta lalace, ya zauna.

"Ƙarfe nawa ake fitowa nan da safe?" ya tambaya.