Ruwan Baƙi

Malama Ruƙayyatu na cikin share allo ta ji ƙamshin man shanu a bayanta. Ta juya, sai ga Atika tsaye a bakin ƙofa, ido ya sha kwalli, kitso sabo fil, rigar makarantar nan da ta koɗe an wanke ta tas. Rana ko gama fitowa ba ta yi ba.

"Ikon Allah! Atika, ke ce da sassafe haka? Wa ya riƙe wa Baffanki maruƙa wurin tatsa?"

"Shi ya ce in taho, Malama. Na hwaɗa mai yau baƙi na zuwa, kuma ni za ni karatu gabansu."

Malama ta yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Ita ce da bakinta ta yi wa yarinyar wannan alkawari, tun ranar da aka ce masu duba makarantu za su zo daga Bagudo.

Ajin nata aji uku na firamare ne, a wata makarantar ƙauye da ke kan hanyar iyakar Benin, kuma yaran cikinsa ba tafiyarsu ɗaya ba. Akwai 'ya'yan manoma da ke zuwa da bugun ƙararrawa. Akwai 'ya'yan Fulani irin su Atika, waɗanda sai an gama tatsa, hantsi ya dubi ludayi, sannan su iso da gudu. Akwai kuma waɗanda iyayensu suka ƙauro daga tsallaken iyaka, bakinsu Dandanci, wasunsu ma da Faransanci suka fara boko. Manhaja kuwa ba ruwanta, cewa ta yi kowa ya kasance a shafi ɗaya, rana ɗaya.

Da Malama ta gaji da yi wa rabin aji magana rabi na kallon rufi, sai ta kwaso tabarmi uku daga gidanta ta shimfiɗa. Masu iya karanta jimla su zauna a ta farko, masu haɗa baƙi a ta biyu, masu fara gane haruffa a ta uku. Ta yi ta zagaya su kamar mai girki a tukwane uku. Kuma tabarmar ba gadon kowa ba ce. Atika in ana karatu tana ta uku, in an juya lissafi sai ta tashi ta koma ta farko, don yarinyar da ke gane saniya guda ta ɓace a garke tun daga nesa ba a koya mata ragi. Haruffa ne suka yi mata gardama, har sai da Malama ta bar littafi ta ce ta faɗo sunayen shanun gidansu, suka riƙa rubuta su a ƙasa da tsinke. Daga nan kan ya buɗe.

Hedimasta, Malam Saifuddeen, kasuwar Dole Kaina yake kiran ajin. In ya leƙo ya ga kowa na harkarsa sai ya ce, "Malama, yau nawa buhu?" Ba mugun mutum ba ne, matsoraci ne kawai, kuma tsoro yakan yi aikin da mugunta ba ta yi ba.

A ƙarshen damina Malama ta taka har ruga, ta roƙi Abbas, mahaifin Atika da take kira Baffa, cewa in za su tashi da shanu cin rani ya bar yarinyar wurin kakarta a gari, kada karatun ya yanke. Ya daɗe yana kallon sunan farar saniyarsa da 'yar ta rubuta masa a ƙasa, ko da yake shi ba ya karatu. Sannan ya ce, "In dai ana yi da ita awa ɗiyan kowa, na bar ta. In ko ba haka ba, bayan shanu ya hi mata." Tashin nasu saura kwanaki kaɗan.

* * *

Hantsi ya ɗaga, sauran yaran ruga sun iso, sai Malam Saifuddeen ya bayyana da bokitai a hannu biyu. Ya ajiye su a bakin ƙofa, ya yafito Malama waje.

Ta san bokitan. Duk malamin da ya shekara a makarantar ya san su. Ranar baƙi ba a korar yaro, a'a, wa zai yi wannan abin kunya? Aikensa ake yi ɗebo ruwa. Kuma ba a famfon bayan ofis ba, can rijiyar bakin fadama, inda kafin a je a dawo mota ta tashi.

"Naɗe tabarmin nan, a jera su layi-layi," in ji shi. "Waɗanda ba su iya ba, ki ba su bokiti."

"Ranka ya daɗe, suna iyawa. Kowa da inda ya kai."

"Wanda ka zuwa ba ya tambayar inda yaro ya taso, Malama. Shafi za ya buɗe ya nuna da yatsa. Bara gaban yara anka tsige ni awa kaza. Bana sun yi muna alkawarin kwanon rufi, kin ko ga yadda ruwa ya yi da ajinki. Mi kike so in yi?" Ya sassauta murya. "Ke ma kin sauƙaƙa muna aikin. Ba sai an zaɓa ba. Tabarma ta uku ta tashi, shi ke nan."

Wannan maganar ce ta soke ta. Abin da ta shimfiɗa don kada a bar kowa a baya, shi ne yau ya ware su wuri ɗaya, a shirye, sai dai a kwasa. Ta so ta ce a'a. Kalmar ta zo har bakinta. Sai ta ɗaga kai ta dubi rufin da rana ke leƙowa ta cikinsa, ta dubi hedimasta da gumi ke tsattsafo masa, ta ce wa ranta ai yini ɗaya ne, gobe ta gyara. Haka mutum ke lallashin kansa.

Ta shiga aji da fara'ar aro. "Baƙinmu sun yi tahiya mai nisa, za su iso da ƙishirwa. Ina son masu ƙarhi, waɗanda na yarda da su, su ɗebo musu ruwan rijiyar fadama, shi ya hi sanyi."

Yaran tabarma ta uku suka miƙe suna rige-rigen bokiti, don an ce an yarda da su. Atika ta tsaya.

"Karatun hwa, Malama?"

"In kin dawo."

* * *

Baƙin su biyu ne, kowa da gorar ruwan roba a hannu. Suka tarar da aji a jere kamar kunyar gyaɗa. Aka buɗe shafi, yara suka rera shi baki ɗaya. Aka nuna mutum uku, suka karanta ba gargada. Babban cikinsu, dattijo mai gilashi da sanyin murya, ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce abin da ake so yanzu ke nan, koyarwar da ke tafiya da kowane yaro, ba a bar kowa a baya ba. Ya ce sauran malamai su yi koyi da Malama Ruƙayyatu. Hedimasta ya washe baki. Ita kuwa ji ta yi kamar ƙasa ta tsage ta shige, don kunya.

Motar ba ta daɗe da tashi ba masu ɗebo ruwa suka dawo, riguna sun jiƙe. A bayansu wani dogon mutum ne da malfa da sanda a kafaɗa, ɗauke da bokiti a hannu. Abbas ne. Ashe ya kora shanu shan ruwa fadama, ya tarar da 'yarsa a bakin rijiya da kwallinta da sabon kitsonta, tana jan guga. Ya dubi sauran yaran da ke tare da ita, ya ga duk 'yan ruga ne da 'yan tsallake. Bai buƙaci wanda zai yi masa bayani ba.

Ya ajiye bokitin a gaban Malama a hankali, ko ɗigo bai zuba ba. Ya gaishe ta, ya tambayi gajiya, ya tambayi mutanen gida. Sannan ya kama hannun Atika suka tafi. Da zagi ya yi, da ya fi mata sauƙi.

* * *

Da la'asar ɗin Juma'a ta je ruga. Ta tarar an kwance bukkoki, ana ɗaura ƙore da tabarmi a kan jakuna. Abbas ya shimfiɗa mata buzu, ya sa aka kawo mata nono, ya saurare ta har ta gama. Ta ba da haƙuri. Ta ce laifinta ne, ba za a sake ba.

"Ban riƙe ki ba, Malama. Kin yi ƙoƙari, na gani da idona." Ya jujjuya sandarsa. "Amma ranar da anka ce a hito da na nunawa, an san waɗanda anka ɓoye. Ɗebo ruwa ko, mu ma muna da inda za ta ɗebo muna."

Ta yi masa sallama. Ta miƙe ta kama hanya. Ta kusa fita daga garken shanun ta ji gudu a bayanta. Atika ce, da igiyar ɗan maraƙi a hannu, tana haki. Malama ta shirya jin kuka, ko tambayar da ta fi kuka ciwo.

"Malama, ruwan ya ishi baƙin? Baffa ya hana ni komawa in ƙaro."

Bokitan na nan a bayan ofis inda aka jere su tun ranar, ganye ya faɗa ciki, awakin unguwa na sha.

"Ya ishe su, Atika," in ji Malama. "Ya ishe su."

Yarinyar ta yi murmushin jin daɗi, ta ja maraƙinta ta koma wurin kaya.